Gandu, Gamana da Cin Rani: Yadda Aikin Maza da Mata ke Sakewa a Tasawa da Mayahi

MANUFOFIN DARASI

Idan muka kai ƙarshen wannan darasi, kowane ɗalibi, mace ko namiji, zai iya:

1. bambanta abin da halitta ta ɗora wa mace ko namiji da abin da al'ada ta raba musu;
2. bayyana yadda gandu da gamana suke, da dalilin da ya sa gamana ke ƙanƙancewa;
3. lissafa aikin da ake yi a gidansa, na kuɗi da wanda ba na kuɗi ba;
4. yin lissafin rabon gadon gona mai sauƙi, da sanin inda ake neman takardar shaida;
5. tattauna waɗannan al'amura da mutanen gidansa cikin mutunci.

1. ABIN DA BA YA SAKEWA DA ABIN DA KE SAKEWA

Mace ce ke ɗaukar ciki, ita ke haihuwa, ita ke shayarwa. Wannan halitta ce ta Allah, haka take a Tasawa, haka take a ko'ina.

To amma wa ke noma? Wa ke ɗebo ruwa? Wa ke kai akuya kasuwa? A nan amsa ta bambanta daga gari zuwa gari. A ƙauyukan da ke bakin Gulbin Kaba, daga ƙasar Tasawa zuwa Kanambakashe da Mayahi, an daɗe ana ganin matar aure da hauya a gona tun saukar ruwan fari. A cikin birnin Kano ko Katsina kuwa, ba a san matar aure da zuwa gona ba. Duka Hausawa ne, duka Musulmi ne. Ashe ke nan wannan rabo ba halitta ba ce, tsari ne da mutane suka yi daidai da ƙasarsu da zamaninsu.

Ko a harkar sarauta haka ne. A fadar Maradi akwai sarautar Iya, a Gobir akwai Inna, mata ne masu faɗa a ji, waɗanda al'amuran mata ke hannunsu. Kakanninmu ba su ga aibin haka ba.

> AKWATIN KALMOMI
> Halitta: abin da aka haifi mace ko namiji da shi, kamar ɗaukar ciki da shayarwa. Ba ya sakewa.
> Rabon aiki: yadda al'umma ta tsara cewa wannan aikin na maza ne, wancan na mata ne. Yana sakewa da wuri da zamani.

Abin da za mu bi a wannan darasi shi ne: a gundumominmu biyu, Tasawa da Mayahi, nauyin gida ya ƙaura sosai, wani daga kan maza zuwa kan mata, wani daga kan uwaye zuwa kan ƴaƴa mata. Sai dai gona da lokaci da ikon yanke shawara ba su bi nauyin zuwa inda ya koma ba. Yawancin rigingimun da muke gani a gidaje daga nan suke tasowa.

2. GANDU DA GAMANA

Dattawan ajin nan sun san tsarin da kansu, sai su taimaka wa matasa da bayani.

A da, babban gida yana da gandu, wato gonar da kowa ke yi wa aiki a ƙarƙashin maigida: ƙannensa, ƴaƴansa maza, matansu. Mafi yawan kwanakin mako na gandu ne. Hatsin gandu rumbun maigida yake shiga. Da shi ake ci da gida lokacin damina, da shi ake biyan haraji, a yi wa saurayi auren fari, a yi suna, a tarbi baƙo.

Bayan gandu, maigida yana yanka wa kowace matar aure da kowane saurayi ɗan fili, shi ne gamana, wasu wurare su ce gayauna. A nan mace ke shuka hatsinta da wake da gyaɗa da riɗi da yakuwa da kuɓewa, a ranakun da ba na gandu ba, ko da yamma bayan an tashi. Abin da ta samu nata ne, tana da rumbunta.

Kada mu ɗauki gamana kamar ƴar kyautar jin daɗi. A gidaje da yawa, bayan an gama kaka maigida yakan fitar wa mata wani kaso, sa'an nan ya rufe babban rumbu sai damina ta dawo, don kada ma'aikata su rasa abin ci lokacin noma. A cikin waɗannan watanni na rani, hatsin gamana ne ke riƙe da mace da ƴaƴanta. Daga cikinsa take sayen akuya, ta yi biki, ta tara wa ƴarta kayan ɗaki. Gamana ce asusunta, ita ce mutuncinta a cikin tsara.

Abu ɗaya ne ya kamata ku riƙe: gamana aro ce. Ba a sayar da ita, ba a gadonta. Ranar da aure ya mutu, gonar ta koma hannun gidan miji.

> AKWATIN KALMOMI
> Gandu: gonar gida baki ɗaya, wadda ake nomawa tare ƙarƙashin maigida.
> Gamana (gayauna): filin da maigida ke ara wa mace ko saurayi, amfanin na mai nomawa ne, ƙasar ta gida ce.
> Jingina: ba da gona a hannun wani a karɓi kuɗi ko hatsi, sai an biya ta dawo.

3. ME YA SA GAMANA KE ƘANƘANCEWA?

Dalili na farko yawan jama'a ne. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maradi. Gundumar Mayahi ta haura mutum 500,000, haka ma gundumar Tasawa. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na shekarar 2012 ya nuna cewa mace ɗaya a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, a jihar Maradi kuwa 8.4. Mutane suna ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Dajin da kakanni ke sara idan gida ya yi yawa ya ƙare, hutun gona ma ya zama labari a wurare da dama.

MISALI NA 1: Gonar kaka

A ƙaddara wani dattijo a ƙasar Maijirgi ya bar gona hekta 12, ƴaƴansa maza 4 suka raba.
12 ÷ 4 = hekta 3 kowane ɗa.
Kowane ɗa ya haifi maza 3, su ma suka raba.
3 ÷ 3 = hekta 1 kowane jika.
Kakan yana iya yanka wa mata huɗu rabin hekta kowace, ya rage masa hekta 10. Jikan da ke da hekta 1 da mata biyu, idan ya ba kowace rabin hekta, shi bai da komai.
Ku lura da wani abu: a cikin wannan lissafi ba a ambaci ƴa mace ko ɗaya ba. Za mu dawo kan wannan a kashi na 7.

Dalili na biyu, gona ta zama haja. Farin 1973 zuwa 1974, da yunwar 1984, da matsalar abinci ta 2005 sun tilasta wa talakawa da yawa jinginar da gonaki ko sayar da su ga ƴan kasuwa da ma'aikata. Gidan da ya sayar da rabin gonarsa, gamanar mata ce ke fara tafiya, musamman ta amarya ƙarama wadda ba ta da bakin magana tukuna.

Wasu masu bincike biyu, Marthe Diarra da Marie Monimart, sun bi ƙauyukan Maradi da Damagaram, ciki har da Jiratawa da Sarkin Hausa ta ƙasar Mayahi, suka wallafa abin da suka gani a 2006. Sun tarar cewa inda ƙasa ta fi ƙaranci, nan ne ake fi cire mata daga noma. Mutanen kudancin Maradi suna da sunan da suke kiran abin: kublen gona. Mace tana zuwa rijiya, tana zuwa itace, tana zuwa biki, gona kaɗai aka ce ta huta.

Dole mu yi wa juna gaskiya a nan, cikin ladabi. Akwai kullen da mai hali ke yi: ya ce matarsa ta zauna gida, shi kuwa ya ɗauke ci da sha da sutura da ruwa da itace, bai bar ta da neman komai ba. Wannan tsakaninsa da iyalinsa ne. Akwai kuma wanda gonar ce ba ta isa ba, kunya ta hana shi faɗi, sai ya ce ya hutar da matarsa. Rana ba ta ƙona ta ba, gaskiya ne, amma ba ta da rumbu, kuma idan rani ya yi tsakiya yaran wurinta za su zo da kuka. An karɓe mata hauya, ba a karɓe mata nauyin tukunya ba. Wannan ba hutu ba ne.

Akwai asara ta biyu da ba a cika gani ba. Yarinyar da ta tashi uwarta ba ta noma, ba za ta san irin hatsin da ke jure fari ba, ba za ta san lokacin shukar wake ba, ba za ta san ganyen daji da ake ci ba. Idan wata rana mijinta ya rasu ko ya yi nisa, ko an ba ta gona ba ta san ta inda za ta kama ba.

> AKWATIN KALMOMI
> Kulle: zaman matar aure a gida, miji ya ɗauke dukkan buƙatunta na waje.
> Kublen gona: hana mace noma kaɗai, yawanci saboda ƙarancin fili, alhali sauran ayyukan waje suna kanta.

Matasa maza ma abin ya taɓa su. Gandu ya watse a gidaje da yawa, uba ba ya iya yi wa ɗa aure daga rumbu. Saurayi shi ke neman sadakinsa, shi ke neman abin ciyarwa, kuma filin da ya samu bai kai ya riƙe shi wata shida ba. Wannan ya kai mu ga kashi na gaba.

4. IDAN MAIGIDA YA TAFI BIƊA

Cin rani ba sabon abu ba ne. Abin da ya sake shi ne nisa da daɗewa. Da, ana tafiya Katsina ko Kano bayan kaka, a dawo kafin shuka. Yanzu ana zuwa Legas da Abuja, ana zuwa Agadas, Libiya da Aljeriya, kuma tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 matasa da yawa suka nufi wuraren haƙa. Mai zuwa Libiya ba ya dawowa damina ɗaya. Wani sai ya shekara biyu ko uku.

Duk abin da maigida yake yi a gida, wani zai ɗauka. Matarsa ce za ta nemi wanda zai yi huɗa, ta kula da dabbobi, ta gyara darni, ta je taron uwayen yara a lakwal. Aikin maigida take yi, amma ba a ba ta matsayin maigida ba. Sau da yawa kuɗin da ya aiko ta Nita ko Al Izza sunan mahaifinsa ko wansa suke ɗauke da shi. Rumbun yana hannun suruki. Ba ta da izinin sayar da tunkiya ko da yaro na kwance.

Ku duba wannan: tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likita, haka ma awon ciki. Duk da haka akan ga yaro ya kwana uku da zazzaɓi a ɗaki, don uwar tana jiran izinin mutumin da wayarsa ba ta shiga. Maganin wannan ba ya buƙatar kuɗi ko kaɗan. Kafin maigida ya ɗauki jakarsa, ya zaunar da matarsa da mahaifinsa, ya faɗa a gabansu: "Baba, idan yaro ya yi ciwo, ta kai shi likita, ba sai an neme ni ba. Idan hatsi ya ƙare, a sayar da ɗan akuyan nan." Magana ce ta minti biyar, tana iya tsirar da rai.

Idan aike ya yanke fa? An ga haka lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake gani bayan takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar a 2023. A irin wannan lokaci mata ma sukan fita: aikatau a Maradi ko Katsina, sussuka da ɗauka a gonakin masu hali. Maƙwabtanmu na Kance, a jihar Damagaram, sun ga mafi munin abin a watan Oktoban 2013, lokacin da mutum 92, mafi yawansu mata da yara, suka rasu da ƙishirwa a hamada kan hanyar Aljeriya. Allah Ya jiƙansu. Mace ba ta goya yaro ta shiga Sahara don sha'awa. Rashin abin dogaro a gida ne ke tura ta.

5. AIKIN DA BA A ƘIRGAWA

Idan aka tambayi magidanci, "Me matarka ke yi?" sau da yawa sai ya ce, "Ba ta komai, tana gida." Bari mu ƙirga wannan "ba komai".

MISALI NA 2: Yinin rani ɗaya

A ƙaddara wata mata a wani ƙauye na ƙasar Urafan, inda rijiya ke da zurfi:
sussuka, surfe da daka: awa 3
ɗebo ruwa: awa 2
neman itace da ciyawa: awa 2
dama fura da tuƙa tuwo: awa 2
wanki, shara, wankan yara, ba dabbobi: awa 2
Jimla: 3 + 2 + 2 + 2 + 2 = awa 11.
Yanzu a ce tana son saƙa tabarmar kaba ta kai kasuwa, aikin awa 3 a yini. 11 + 3 = awa 14. Ina za ta samo waɗannan awoyi?
Hanya ta ɗaya: ta rage barci.
Hanya ta biyu: ta hana ƴarta zuwa lakwal ta kama mata.
Hanya ta uku: a kai hatsi injin niƙa, awa 2 sun dawo, maigida ko ɗa namiji ya ɗauko ruwa da amalanke, awa 2 sun dawo. 14 − 4 = awa 10.

Hanya ta biyu ita ce aka fi bi, kuma ita ta fi tsada. Duk lokacin da aka ƙara wa uwa aiki ba a rage mata wani ba, ƴarta ce ke biya. Ita ke goyon ƙane, ita ke talla, daga talla sai a ce ta girma, a yi mata aure. Binciken 2012 da muka ambata ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maradi kuwa kashi 89. A watan Disamban 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ƴa mace, amma doka ba ta daka hatsi. Sai gida ya samo wanda zai ɗauke aikin yarinyar kafin ta samu zama a aji.

Wani abin lura. Ɗan ƙauyenmu da ke cin rani a Kano yana wanki da guga, yana sayar da ruwa a kura, yana dafa shayi da soya ƙwai, ba ya jin kunya, don sana'a ce. Haka a nan gida: ruwa da itace aikin mata ne muddin a ka ake ɗauka, da amalanke ta shigo kuma aka fara sayarwa, sai suka zama na maza. Niƙa na mata ne a turmi, na maza ne a inji. Wannan ya nuna cewa hannun namiji ya iya aikin. Abin da ya rage shi ne ya yi wa gidansa abin da yake yi wa baƙi don kuɗi. Malamanmu suna karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taimaka wa iyalinsa da hidimar gida.

Sassaben zamani ma ya taimaka. Tun wajen 1984 manoman jihar Maradi suka fara barin toho da kututture su girma a gona maimakon a sare su, ana yi musu aski. Inda gawo da kalgo da sabara suka dawo, itacen girki ya matso kusa. Sai dai itacen na mai gona ne, matar da ba ta da fili sai ta roƙa ko ta saya.

> AKWATIN KALMOMI
> Aikin kula da gida: girki, ruwa, itace, reno, jinya. Ba a biya, amma in babu shi ba mai iya fita nema.
> Sassaben zamani: renon itatuwan da suka tsiro da kansu a cikin gona.

6. SANA'A DA ASUSU

Da gamana ta ragu, mata suka ƙara ƙarfi a sana'a: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ƙosai, fura, tabarma da igiyar kaba, da kiwon jar akuyar Maradi wadda ƙasar Tasawa ta shahara da ita. Abin da ke hana su gaba shi ne jari.

A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da matan karkarar jihar Maradi, wanda aka gina kan adashen da suka saba. Sunansa Mata Masu Dubara. Mata su haɗu, su zuba kuɗi kowane mako a akwati mai makulli, su ranta wa junansu, su raba a ƙarshen zango. Ba kuɗin waje a ciki. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Abin alfahari ne cewa dubarar matanmu ce duniya ta ara.

MISALI NA 3: Akwatin asusu

Mata 25, kowace tana zuba dala ashirin, wato sefa 100, a mako.
25 × 100 = sefa 2,500 a mako.
A mako 40: 2,500 × 40 = sefa 100,000, wato jika ɗari.
Wata ta ranci jika goma ta sayi gyaɗa. A ƙaddara ta sayar da mai da ƙuli jika goma sha uku, ta biya niƙa da itace jika ɗaya.
13,000 − 10,000 − 1,000 = sefa 2,000 riba.
Yanzu a ce mijinta ya ce, "Ba ni jika goman nan in yi kuɗin mota, in na isa zan aiko." Ya tafi, wata uku shiru. Bashin sunan wa yake? Nata. Akuyarta za ta sayar ta biya.

Ba laifi mace ta taimaki mijinta, zaman aure ke nan. Amma rance rance ne, a sa masa rana, a cika. Haka kuma, samun mace ba ya sauke wa miji wajibin ciyarwa da addini ya ɗora masa. Wasu mazan da sun ga matar ta fara riƙe ɗan kuɗi sai su janye hannu daga kuɗin cefane da sabulu da magani. Ita kuma sai ta koyi ɓoye abin da ta samu. Gidan da miji ke ɓoye wa mata, mata ke ɓoye wa miji, ba ya tara komai.

7. GADO DA TAKARDA

Mu koma ga ƴaƴa matan da aka manta a Misali na 1. A al'adar da, ba a ba mace gadon gona, ana cewa za ta kai ta gidan wani. Lokacin da kowace matar aure ke da tabbacin gamana, mata da yawa ba su damu ba. Yanzu da gamana ta yi wuya, suna zuwa neman rabonsu na gidan uba, kuma hujjarsu daga addini take. Shari'ar Musulunci ta ba ƴa mace rabin rabon ɗa namiji. Ta ba matar mamaci kashi ɗaya cikin takwas idan ya bar ƴaƴa, ɗaya cikin huɗu idan bai bari ba. Ba ta ware gona daga dukiyar da ake rabawa ba.

MISALI NA 4: Rabon gona

Wani magidanci ya rasu, iyayensa sun riga shi. Bayan an biya bashi da wasiyya, ya rage gona hekta 8. Ya bar mata 1, ƴaƴa maza 2, ƴaƴa mata 3.
Rabon matar: 8 ÷ 8 = hekta 1. Saura hekta 7.
Kowane namiji kaso 2, kowace mace kaso 1: 2 + 2 + 1 + 1 + 1 = kaso 7.
7 ÷ 7 = hekta 1 kowane kaso.
Kowane ɗa namiji hekta 2, kowace ƴa hekta 1, uwarsu hekta 1.
Da an bi tsohuwar al'ada, maza biyun za su ɗauki hekta 4 kowanne, mata huɗu su tashi hannu wofi.
Wannan misali ne mai sauƙi. Rabon gaske yana da rassa da yawa, sai a kira malamin da ya san ilimin gado.

Ƴan uwa maza, mun san abin da ke ranku: gonar ta riga ta yi kaɗan, ga shi za a ƙara yanka ta. Damuwa ce ta gaskiya. Amma ƴar uwarku da aka sako da yara uku, gidanku za ta dawo. In tana da hektarta, ta ci da kanta. In ba ta da ita, a kanku take. Kuma cin haƙƙin magaji ba ya zama halal don gona ta yi ƙaranci.

Dokar ƙasa ma tana nan. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ce duk ƴan Nijar suna da damar cin moriyar albarkatun karkara ba tare da bambancin mace ko namiji ba. Ita ta kawo hukumomin kula da filaye da ake kira kofo, a matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye. Kofon ƙauye maigari ne ke shugabantarsa, kuma akwai kujerar wakilcin mata a ciki. A nan ake rubuta takardar saye, ta kyauta, ta aro, ta jingina, da ta mallakar gado.

Mace da ta gaji gona, ko ta saya da kuɗin akuyarta, ta nemi takarda da sunanta, da shaidu, tun masu shaidar suna raye. Magidanci da ke son kyautata wa matarsa yana iya mayar da gamanarta kyauta a rubuce. Ƙungiyar mata da maigari ya ara wa fili don lambu, su sa a rubuta shekara nawa, don kada su haƙa rijiya su zuba taki sa'an nan mai fili ya ce yana son abinsa.

> AKWATIN KALMOMI
> Gado: dukiyar mamaci da ake raba wa magada bayan biyan bashi da wasiyya.
> Kofo: hukumar da ke rubuta shaidar mallaka, saye, kyauta, aro da jinginar fili.

8. ZAMAN SHAWARA

A wajen gida an ɗan samu sauyi. Dokar kaso ta shekarar 2000 ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka kai shi 15 a 2014, sa'an nan 25 a 2019. Mata da dama da suka zama kansiloli tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 a taron asusu suka koyi magana gaban jama'a.

Ta ɓangaren maza kuwa, akwai makarantar mazaje, wadda aka fara a jihar Damagaram wajen 2008 da tallafin asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, daga baya ta iso jihar Maradi. Magidanta masu mutunci ne ke zama suna tattauna awon ciki, haihuwa a likita da tazarar haihuwa, sa'an nan su ja hankalin sauran maza. Namiji ya fi jin magana daga bakin tsaransa a dandali, kuma wanda ya ga maƙwabcinsa ya raka matarsa awo ba a yi masa dariya ba, gobe shi ma zai raka tasa.

A cikin gida, lokacin da ya fi dacewa da zaman shawara shi ne bayan kaka, kafin a rufe rumbu, kafin matafiya su tafi. A ƙirga dammunan da aka samu. A ƙirga bakin da za su ci. A faɗi wata nawa hatsin zai kai, wa zai cike giɓin, da me. A faɗi wanda zai karɓi aike, da yaran da za su ci gaba da lakwal, mata da maza. In gidan na mata biyu ne ko uku, kowace ta ji da kunnenta.

TAMBAYOYIN BITA

1. Kawo ayyuka biyu na halitta da ayyuka uku na rabon al'ada.
2. Mene ne bambancin gandu da gamana? Me ke faruwa da gamana idan aure ya mutu?
3. Kawo dalilai biyu da suka sa gamana ke ƙanƙancewa a ƙasar Tasawa da Mayahi.
4. Bayyana bambancin kulle da kublen gona da kalmominka.
5. Wani ya bar gona hekta 18, ƴaƴansa 3 suka raba daidai, kowane kuma ƴaƴansa 4 suka raba. Hekta nawa kowane jika ya samu?
6. Mata 30 suna zuba sefa 200 a mako. Nawa za su tara a mako 30? Jika nawa ke nan?
7. Wani ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar gona hekta 16, mata 1, ƴaƴa maza 3, ƴa mace 1. Nawa ne rabon kowa?
8. Waɗanne takardu ake samu a kofon ƙauye? Wa ke shugabantarsa a garinku, wace ce wakiliyar mata?
9. Aikin gida: ku rubuta awoyin aikin mace ɗaya, namiji ɗaya, yarinya ɗaya da yaro ɗaya na gidanku a yini guda. Ku kawo aji mu gwada.
10. Tattaunawa rukuni-rukuni: waɗanne abubuwa uku ya kamata maigida ya daidaita da matarsa da iyayensa kafin ya tafi cin rani?